Holoƙon Hadari a Sinimar Jidda: Tambayoyi da Amsoshi kan Fim ɗin da Muka Kalla

Tun daren Alhamis ɗin da muka dawo daga sinima, ni da ɗan yayata da wani abokin aikina, ban sake shan shayi a majalisa cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna sai wani ya jawo kujera ya ce, "Malam, wai da gaske fim ɗin nan bai yi ba?" Na amsa wa na farko, na amsa wa na biyar, har mai shayi ya haddace amsoshin, yana riga ni faɗa yana zuba madara. Shi ya sa na tattara tambayoyin wuri ɗaya. Wanda ya sake tare ni da maganar, nan zan turo shi.

Wane fim ne, kuma me ya sa ba ka kama sunansa ba?

Fim ɗin Amurka ne, irin na ƙagaggen labarin kimiyya da ake haɗawa da harbe-harbe. Wai shekara ɗari da wani abu nan gaba, birni ya rabu biyu: masu hali suna can sama cikin benayen gilashi, talakawa suna ƙasa inda rana ba ta leƙawa. Wani tsohon soja da aka goge masa tunani shi ne jarumi. An ba shi amanar wata yarinya ya tsallake da ita, domin akwai wani abu a jikinta da babban kamfanin da ke mulkin birnin yake nema. Ana bin su, ana harbi, ana fasa motoci masu tashi, a ƙarshe a hau kumbo a fita duniya.

Ban kama suna ba don na san da ka ji wannan labarin za ka rantse ka taɓa kallonsa. Kuma ba ka yi ƙarya ba, ka kalle shi da wani sunan, wataƙila sau uku. In na ambaci ɗaya, sauran 'yan'uwansa sun tsira ke nan.

Amma tallansa ya yi kyau matuƙa. Yaudarar mutane suka yi?

Ban kira shi yaudara ba, amma duk wanda ya taɓa sayen kwalin tumatur a Halaga, kasuwar kayan gwari ta Jidda, ya san dabarar. Manya jajaye su ne a sama. Tallan fim bai cika wuce minti biyu da rabi ba, fim ɗin kuma ya haura awa biyu. A cikin awa biyu ko fim ɗin da ya fi kowanne lalacewa ba za a rasa minti biyu masu ɗaukar ido ba. Kuma sau da yawa wasu kamfanoni ne daban, waɗanda sana'arsu ke nan, suke yanka tallan, wani lokaci tun ba a gama haɗa fim ɗin ba. Aikinsu shi ne su kai ka bakin ƙofa da tikiti a hannu. Abin da zai same ka a ciki ba a kansu yake ba.

Ni ma na faɗa. Sau huɗu na kalli tallan a waya, ni ne ma na kira yaron na ce ya hawo jirgin ƙasan Haramain daga Makka mu je tare. Kallon kitse na yi wa rogo.

To babu abin yabo a cikinsa ko kaɗan?

Akwai, kuma ba zan ci haƙƙinsu ba. Minti goman farko ban taɓa ganin irinsu a allo ba. An buɗe da ruwan sama yana sauka kan rufin gilashi, kyamara ta bi ɗigo ɗaya tak, ya gangaro daga bene na sama, ya bi ta magudana, ya ratsa bututu, launin fitilu yana sauyawa daga fari zuwa shuɗi zuwa ja, har ya ɗiga cikin gwangwanin wata tsohuwa a can ƙarƙashin birni. Babu wanda ya yi magana, amma an riga an gaya maka wane ne a sama, wane ne a ƙasa. Na waiwaya na ga ɗan yayata ya ɗebo gugguru, hannun ya tsaya a hanya tsakanin kwali da baki.

Ni mai gyaran mukayyif ne, wato na'urar sanyaya ɗaki, shekara 19 ina wannan aikin a Jidda. Idona ba ya barin bututu da waya ko a fim. Na lura bututan da ke jikin bangon birnin nan ba ado ba ne kawai, an ja su yadda mai aiki zai ja su, har da tsatsa a daidai gaɓar da ruwa ke taruwa. Wanda ya zana wannan ya san aikinsa, Allah ya biya shi. Abin haushin shi ne an fi kula da bututun fiye da mutanen da ke wucewa ta gabansu.

To ina matsalar take?

Jarumin ba shi da uwa.

Kada ka yi dariya, da gaske nake. Ba ina nufin sai an nuno ta ba. Ina nufin babu wata alama a jikinsa da ke nuna wani ya taɓa goya shi, ko akwai wanda zai shiga damuwa in dare ya yi bai dawo ba. Awa biyu da 'yan mintuna ban ga mutum ɗaya ya ci abinci ba. Ban ga an gaisa ba. Ba wanda ake bi bashi, ba wanda ke jin kunyar wani, ba wanda ya yi wa wani tsiya irin ta sabo. Kowa ya buɗe baki bayani zai yi: wannan na'urar kaza take yi, in ba mu kai wuri kaza kafin lokaci kaza ba duniya ta tashi. Da ya gama sai a harbe shi, ko ya harbi wani. Yarinyar da aka ce saboda ita ake duk wannan ɗauki-ba-daɗi, da za a cire ta a sa jaka a madadinta, babu abin da zai sauya a labarin. Ɗaukarta ake yi ana ajiyewa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne unguwar talakawan. Na yi shekaru a unguwar Karantina ta nan Jidda kafin a rushe ta tare da su Gulail da Sabil a rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 aka ci gaba a 2022. Na san lungun da mutum biyu ba sa iya jerawa, na san wayoyin wuta da suka sarƙe a sama kamar saƙar gizo. A ido, sun kwaikwayo wannan daidai. Amma lungun da na sani cike yake da hayaniya. Ga mai ƙosai, ga Hajiya mai adashi tana bin gida-gida, ga yara suna dawowa daga makarantar allo, ga wani yana rigima da maƙwabcinsa kan ruwan da ya malalo masa ƙofa, da Magariba kuma su biyun suna sahu ɗaya. Talakawan fim ɗin nan kuwa zaune suke jingine da bango, sun lulluɓe da tsummokara masu kyan launi, suna kallon kyamara. Ba sa sayar da komai, ba sa dafa komai, ba sa dariya. An jera su ne kamar tukwanen fure don hoto ya yi kyau. Wanda ya rubuta su bai taɓa kwana cikinsu ba.

Da aka zo wurin da abokin jarumin ya mutu, kiɗa ya tashi, an rage gudun hoto, ruwan sama yana dukan fuskarsa. Sun zuba duk abin da ake zubawa don a yi kuka. Na duba zuciyata ban sami komai ba, don minti 12 kacal da sanin mutumin, kuma a cikinsu bai yi komai ba sai miƙa bindiga. Layin gabanmu wani saurayi yana duba sakamakon wasan ƙwallon ƙungiyar Ittihad a waya.

Ai fim ɗin faɗa ne. Wa ke zuwa neman labari a fim ɗin faɗa?

Wannan ita ce tambayar abokin aikina, kuma a kanta muka kusa ɓatawa a mota. Amsata ita ce faɗan ma bai yi ba.

Wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya san ba naushin ne kaɗai ke tsayar da numfashi ba. Kafin a kai hannu ka san wannan ɗan Kudu ne, wancan ɗan Arewa ne ko Guramada. Ka ji makaɗi ya zuga shi, ka ji kirari, ka san bara wannan ya kashe wancan, yau ramuwa ya zo. Kuma idonka yana kan su biyun, daga ƙafa har kai, ba abin da ya ɓoye maka. Shi ya sa naushi ɗaya ke tada fili gaba ɗaya.

A fim ɗin nan ana yanka hoto kusan kowace daƙiƙa. Ka ga gwiwar hannu, ka ga takalmi, ka ga gilashi ya tarwatse, ka ga wani a ƙasa. Wa ya doki wa, ta ina ya shigo, nawa suka rage, Allah masani. Ana yin haka ne sau da yawa don a ɓoye cewa jarumin bai iya faɗan ba, ko kuma wani ne ya tsaya a madadinsa. Finafinan Chana da muka taso muna kallo a bidiyo, hotonsu dishi-dishi, amma sukan ja kyamara baya su bar ka ka ga mutum biyu suna gwada ƙwanji, don 'yan wasan sun iya.

Sannan jarumin ba ya jin ciwo. An jefo shi daga bene, ya tashi ya karkaɗe riga. An harbe shi a kafaɗa, minti biyar bayan nan da wannan hannun yake rataye a jikin kumbo. Tun daga faɗa na biyu na gane babu abin da zai same shi, sai na gyara zama na fara lissafin nawa na kashe.

Ta yaya suke yin irin waɗannan hotunan?

Yawancin abin da ka gani babu shi. Ɗan wasa yana tsaye ne a cikin wani ƙaton ɗaki da aka zagaye da koren ƙyalle ko shuɗi, wani lokaci yana magana da ƙwallo a kan sanda, a matsayin dodon da za a zana daga baya. Sai masu kwamfuta su cire launin ƙyallen su dasa birni a bayansa. An zaɓi kore da shuɗi ne don sun yi nisa da launin fatar mutum.

Fim ɗin sinima hotuna 24 ne ke wucewa a kowace daƙiƙa. Awa biyu ke nan hotuna 172,800. A irin wannan fim, mafi yawansu sai an taɓa su da kwamfuta, shi ya sa ake raba aikin ga kamfanoni da dama a ƙasashe daban-daban, kuma shi ya sa sunayen ƙarshe ke ta tafiya kamar ba za su ƙare ba. In ka ga an cika yin faɗa cikin dare da hayaƙi da ruwan sama, ba don kyau ne kaɗai ba, duhu yana rufa wa zane asiri.

Dabarar kanta ba sabuwa ba ce. Tun 1902 wani Bafaranshe mai wasan siddabaru, Georges Méliès, ya yi fim ɗin da bai kai minti 20 ba, inda ya harba mutane zuwa wata da zanen kwali da dabarun kyamara. Kayan aiki ne suka ci gaba.

Da duk kuɗin da aka zuba, me ya hana su nemi labari mai ma'ana?

Kuɗin ne ma ya hana. Irin wannan fim yakan ci dala miliyan ɗari ko sama da haka, ban da kuɗin talla, wanda shi ma wani dutsen ne. Gidajen sinima kuma suna riƙe kusan rabin kuɗin tikiti. Don haka sai fim ya tara ninki biyu ko fiye na abin da aka kashe kafin a fara maganar riba. Amurka kaɗai ba za ta biya wannan ba, dole a sayar a Chana da Koriya da Barazil da nan Jidda. Fashewar bam ba ta buƙatar tafinta. Barkwanci da habaici da zafin zumunci kuwa kowace ƙasa da irin nata. Sai a rage waɗannan a ƙara wancan, a dafa miyar da ba za ta ƙona bakin kowa ba, ba kuma wanda zai nemi ƙari.

Akwai kuma gaggawa. Akan tsayar da ranar fitowar fim tun rubutu bai nuna ba, kuma manyan wuraren faɗa akan fara zana su a kwamfuta da wuri saboda suna cin lokaci. Marubuci sai ya zama tela da aka ba aljihu huɗu aka ce ya ɗinka riga a kewaye da su. In aka nuna wa 'yan gwaji suka ce ba su gane ba, sai a kira wani marubucin ya ƙara bayani, a sake ɗaukar wasu wurare. A ƙarshen namu na ƙirga sunayen marubuta huɗu.

Wani a majalisa ya ce wataƙila kwamfuta ce ta rubuta. Ban ce ba. Amma maganar ba wasa ba ce a can: a 2023 marubutan finafinan Amurka sun yi yajin aiki na kwana 148, 'yan wasa ma suka bi su, kuma cikin abubuwan da aka yi ta ja a kai har da amfani da ƙirƙirarriyar basira. Sai dai mutum ma in aka tsare shi da lissafin riba zai iya rubuta abin da ba shi da rai ba tare da taimakon na'ura ba.

Ko dai almakashin masu tacewa ne ya ɓata shi?

A'a. Gaskiya ne ana duba fim kafin a nuna shi a nan, ana sa masa alamar shekaru, wani lokaci a cire wani abu. Amma yanka yana barin tabo, za ka ji kiɗa ya yi tsalle ko magana ta katse. Wannan ba rami ɗaya ne a riga ba, zaren ne gaba ɗaya babu ƙwari.

Ko Turancin ne ya fi ƙarfinka?

Akwai fassarar Larabci a ƙasan allo, kuma na karanta ta tas. Da ma ban gane ba, da na yi musu kyakkyawan zato.

Kimiyyar da ke ciki gaskiya ce?

Kaɗan. A sararin samaniya babu iska, sauti kuma sai da abin da zai ɗauke shi, don haka duk rugugin da kujerunmu suka yi ta karkarwa da shi lokacin da kumbo ya fashe, a zahiri shiru za a ji. An kuma nuna bos ɗin fim yana hira kai-tsaye da mutanensa da ke duniyar Mars, alhali saƙo daga nan zuwa can yana ɗaukar tsakanin minti 3 zuwa 22, gwargwadon inda duniyoyin biyu suke. Ka yi sallama, ka je ka sha shayi, ka dawo kafin a amsa.

Mu nan ba baƙin labarin sama jannati ba ne. Yarima Sultan bin Salman ya tafi tun 1985 cikin kumbon Discovery. A watan Mayun 2023 Rayyanah Barnawi da Ali Alƙarni suka je tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ke shawagi kimanin kilomita 400 a samanmu tana zagaye duniya cikin kusan minti 90. Na tuna yadda sunan Barnawi ya sa 'yan unguwarmu suka yi ta ɗaga kafaɗa. Kuma abin da yara suka fi tambaya a lokacin shi ne yaya suke cin abinci, yaya suke barci, ina suke fuskanta in za su yi salla. Tambayoyin da fim ɗin nan bai yi ko ɗaya ba.

Duk da haka ba na riƙe su da wannan. Ƙarya ce muka biya kuɗi a yi mana. A tatsuniya Gizo yana magana, yana aure, yana zuwa fadar sarki, ba yaron da ya taɓa cewa ƙarya ne. Amma Gizo yana da doka: mayunwaci ne, mai wayo ne, kuma wayonsa ne ke kai shi ya baro shi. Ranar da kaka ta ce Gizo ya zama jarumi mai kyauta ba dalili, yara za su tashi. Fim ɗin nan shi ya kafa dokarsa da bakinsa, cewa duk wanda aka goge wa tunani ba ya dawowa, an maimaita har sau uku. Da labari ya cije musu, sai jarumi ya kalli wani hoto, komai ya dawo. Nan ne na ji an raina mini hankali.

Anya ba zumuɗi ne ya yi muku yawa ba, tunda sinima sabuwa ce a nan?

Akwai ƙamshin gaskiya. An yi kimanin shekara 35 babu gidan sinima a ƙasar nan. A Disambar 2017 aka sanar da ɗage haramcin, ranar 18 ga Afrilun 2018 aka buɗe na farko a Riyad da fim ɗin Black Panther, mu kuma a Jidda sai a Janairun 2019 ta iso mu, a Red Sea Mall. Daga Disambar 2021 har bikin finafinai na duniya ake yi a garin nan. Don haka har yanzu zuwa sinima fita ce, ana wanka, ana fesa turare, ana sanar da mutane. Wanda ya ci ado haka ba ya son a ce ya dawo da hannu biyu.

Amma sabuwa ce ga yara kawai. Akwai wani dattijo a majalisarmu, haifaffen nan, da ya ba mu labarin sinimar tsakar gida da ake kira ahwash, wadda aka yi a Jidda kafin a rufe: farin bango, kujerun katako, majigi yana ƙara, finafinan Masar. Ni kuma na san Marhaba da Plaza a Kano, inda sama ce rufi, in hadari ya taso kowa ya san inda dare ya yi masa. Na ce masa, "Baba, kana tuna abin da ka kalla?" Ya kwashe labarin wani fim tun daga farko har ƙarshe, da sunan yarinyar, da abin da ubanta ya ce ranar da aka zo neman aurenta. Abin da ya kalla shekara kusan hamsin ke nan, a bango.

Shi ɗan yayar taka me ya ce?

Ya ji daɗinsa ƙwarai, kuma ban hana shi ba. Shekararsa 17. Muna fitowa ya ce, "Kawu, wallahi ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Ka ga lokacin da babur ɗin ya bi jikin bango?" Na ce na gani. Ya ce, "Kai dai Kawu ka tsufa ne." Na ce mai yiwuwa.

Washegari da safe muna cin ful da tamis na ce, "Yaro, mene ne sunan jarumin jiya?" Ya tsaya da lomar a hannu. Ya kira wani suna, ya ce a'a, wannan na ɗan wasan ne. Na ce to yarinyar fa? Ya yi dariya ya ce, "Kawu, ka bari mana." Babur ɗin dai yana nan a kansa, har launin tayarsa.

Kana nufin finafinanmu na Kano sun fi shi?

Ban faɗa ba, kada a kai ni inda ban je ba. Namu suna da nasu ciwon: sauti yana hawa yana sauka, falo ɗaya a fim goma, labarin da zai ƙare a awa ɗaya a ja shi zango-zango har mutum ya manta mafari. In ana maganar gwanintar hoto, tazarar ba ta faɗuwa.

Amma ga abin da na gani da idona. Maiɗakina da maƙwabtanta suna kallon wani mai dogon zango a waya, wayar ma fuskarta a fashe, an jingine ta da fulas ɗin shayi. Wata ta ce wa uwar mijin da ke cikin fim, "Allah ya isa tsakaninmu da ke!" kamar tana jin ta. Sun san matar, kowace tana da irinta a dangi. Fim ɗin da kuɗin shayin ma'aikatansa zai ɗauki nauyin namu guda nawa, bai sa ko mutum ɗaya a zauren nan ya yi wa bos tsaki ba.

Zan iya zuwa da iyali?

Duba alamar shekarun da ke jikin tallan, irin su PG12 da R15 da R18, ana kuma iya tambayar shaida a ƙofa. Ban da wannan, ƙarar ta yi wa ƙananan yara yawa, ni kaina na fito kunnena yana ɗumi. Ka kuma lissafa da gugguru da lemo, don a nan ne aljihu ke kuka, ba a tikiti ba. Abin da muka kashe mu uku a kan kayan taɓawa zai saya mana tsire mai yawa wurin mutanenmu, wanda Larabawan Hijaz suka ara suke kira siriya, har a kai wa na gida.

A taƙaice, in je ko kada in je?

In kai mai zane ne, ko mai ɗaukar hoto, ko ɗalibin gine-gine, je ka, kuma ka zaɓi babban allo, don a waya rabin kyan zai zube. In hutun mako ɗaya gare ka kuma kana son abin da za ka kwana kana juyawa a rai, riƙe riyalanka. In kuma yaro ne ya matsa maka, ku je a tsakiyar mako, ku ɗauki kujerar talakawa, ku ci abinci kafin ku shiga. Kada ka biya kuɗin kujerar nan mai girgiza da fesa iska. Abokin aikina ya taɓa gwadawa a wani fim, ya ce kamar ya hau akori-kura a hanyar ƙauye.

An ce akwai kashi na biyu. Za ka koma?

Fim ɗin ma bai ƙare ba, tsayawa ya yi. Bayan an gama sunaye, fitilu sun fara haske, masu shara sun shigo da tsintsiya, sai aka nuno bos ɗin da muka ga ya ƙone ƙurmus yana buɗe ido ɗaya. Abokina ya ce, "La haula." Yaron kuwa ya kama hannuna ya ce, "Kawu, ka yi alkawari."

Na yi, don uwarsa yayata ce kuma ba na iya ce masa a'a. Amma na kafa sharuɗɗa biyu: shi zai sayi gugguru da kuɗinsa, kuma kafin mu shiga sai ya faɗa mini sunan yarinyar. Jiya ya turo mini saƙo daga Makka da wani suna. Na duba, na ɗan wasan da ya fito a bos ne.